Zaman Jinya na Rukuni: Yadda Ake Haɗa Shi a Jos da Abin da Yake Magancewa

Mutum takwas, kujeru a kewaye, ƙofa a rufe, awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako, tare da jagora da ya samu horo a kan aikin. Iya kayan aikin ke nan. Babu allura, babu ƙarin ruwa, amma jinya ce cikakkiya, tana da ƙa'ida da adadi kamar kowane magani. Wanda ya sha rabi ya ajiye bai sha ba.

An tashe mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan tarbiyya tana da wurinta. Matsalar ita ce ciwon damuwa da shiru yake ƙiba. Shi ya sa mai shi ba ya zuwa asibiti ya ce damuwa ke damunsa. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, ƙirjinsa na bugawa, barci ya ƙaurace, jiki babu ƙarfi, tunani ya yi yawa. A ba shi maganin maleriya, ya dawo, a ba shi na taifod, ya sake dawowa. Wata shida ana zagaye, ba wanda ya tambaye shi abin da ya faru a gidansa kafin ciwon ya fara.

Haɗa masu ciwo iri ɗaya su zauna tare tsohuwar dabara ce a likitanci. Wani likita a birnin Boston na Amurka, Joseph Pratt, ya fara tara masu tarin fuka a 1905 don ya koya musu kula da kansu, sai ya lura cewa haɗuwar kanta tana ɗaga musu ƙwarin gwiwa. Wata hujja da ke kusa da mu daga Yuganda ta fito. A wani bincike da aka wallafa a 2003, an haɗa mutanen karkara masu ciwon damuwa rukuni-rukuni, maza daban mata daban, suna zama na minti 90 duk mako har mako 16, kuma masu jagorancin 'yan yankin ne da aka horar na mako biyu. Da aka kammala, ƙasa da kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka zauna ne ciwon bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba fiye da rabi suna nan da shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin wannan jinya a taƙaice: zama 8, mutum 6 zuwa 10. A kansa muka gina yawancin abin da ke ƙasa.

Me rukuni ke yi wanda likita shi kaɗai ba zai iya ba?

Likitan ƙwaƙwalwa Irvin Yalom ya lissafa abubuwa 11 da ke kawo sauƙi a zaman rukuni. Wanda ya fi saurin bayyana shi ne mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne. Mai jego da ba ta jin ɗokin jaririnta tana ɗaukar kanta muguwar uwa, ba za ta iya gaya wa mijinta ba, balle uwar miji. Ranar da ta ji wata a kujerar da ke kallonta ta faɗi wannan magana da bakinta, rabin nauyin ya sauka. Likita zai iya ce mata wannan sanannen ciwo ne, ta gyaɗa kai don girmamawa. Amma daga bakin wadda ta ɗanɗana, maganar shiga take yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai fata. Wanda ya ga na kusa da shi, da ya zo makon farko ba ya iya ɗaga ido, ya dawo mako na biyar yana ba da labarin ya buɗe shagonsa kwana uku a jere, zai fara tunanin shi ma yana da mafita.

Na uku mutane ba su cika lura da shi ba, kuma a ganinmu ya fi sauran zurfi. Mai ciwon damuwa ya daɗe yana jin shi kaya ne a wuyan iyalinsa, kullum shi ake yi wa, shi ake lallashi. A cikin rukuni sai ga shi ya faɗi wata magana, wata ta dawo mako mai zuwa ta ce ta gwada kuma ta yi amfani. Jin cewa har yanzu yana da abin bayarwa yana gyara abin da ƙwaya ba ta taɓawa.

Rukuni kuma filin gwaji ne. Magidancin da ke son gaya wa yayansa cewa ba zai iya ci gaba da ɗaukar wata hidima ba, zai iya gwada maganar a nan, wani ya zauna a matsayin yayan, sauran su gaya masa inda muryarsa ta yi kaushi da inda ya janye tun ba a kai ko'ina ba. Ga kuma batun lissafi: ma'aikaci ɗaya yana duba mutum takwas a lokacin da zai duba biyu. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wa zai shiga, wa zai dakata

Yawancin rukunonin da suka watse tun daga zaɓen mutane aka kuskure. Kafin zama na farko, jagora ya gana da kowane mutum shi kaɗai, minti 30 zuwa awa ɗaya. A nan ake jin labarinsa, a gano abin da ya tayar da ciwon: rashi ne, saɓani da wani na kusa, sauyin rayuwa kamar saki ko ritaya ko karyewar jari, ko kuwa kaɗaici. A kan waɗannan huɗu tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya yake aiki. A kuma cike takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27. Daga 10 zuwa sama ciwon ya kai a yi masa jinya. Daga 20 zuwa sama ya yi tsanani, sai likita ya gani ko da mutumin zai shiga rukuni. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Duk wanda ya amsa ta da e, kada a wuce, a tambaye shi kai tsaye ko ya yi shiri, ko ya tanadi abin da zai yi amfani da shi. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ce ke buɗe masa baki.

Wanda ke da shirin kashe kansa, asibiti za a kai shi a ranar, da rakiyar ɗan'uwa. Haka wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana surutu yana rabar da dukiya. Waɗannan sai magani ya daidaita su tukuna. Wanda ya saba da giya kullum kada a ce ya yanke ta dare ɗaya don zai shiga rukuni, domin yankewar na iya kawo jijjiga da ruɗewa har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai sauko da shi. Masu fama da tiramadol da kodin rukuninsu daban ne, da tsari daban.

Haɗa rukuni a gari irin Jos

Jos babban gari ne, amma unguwanninsa ƙauyuka ne. A Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos, in ka ambaci sunan mahaifin mutum an san gidan. Don haka kada a haɗa kishiyoyi, ko facaloli, ko suruka da matar ɗa, ko maigida da yaron shagonsa, ko mai bashi da wanda yake bi. Maƙwabta na katanga ɗaya ma a raba su. A ganawar farko jagora ya tambayi kowa unguwarsa da sana'arsa, ya duba jerin kafin ya kira zama. In an taru sai ga mutum biyu sun san juna, a tambaye su a keɓe, a mayar da ɗaya wani rukunin ba tare da an mai da abin magana ba.

A raba maza da mata. A kuma lura da shekaru, don budurwa 'yar 19 ba za ta buɗe baki a gaban sa'ar mahaifiyarta ba, kunya za ta hana ta, ita kuma babbar za ta koma yi mata faɗa irin na uwa.

Maganar addini da ƙabila dole a yi ta a fili. Garin ya ga rikicin Satumbar 2001, na Nuwambar 2008, na Janairun 2010, da bam ɗin kasuwar Taminus na Mayun 2014, kuma tun daga nan unguwanni suka rabu. Rukunin masu jego ko na masu ciwon damuwa bayan ritaya yana iya haɗa Musulmi da Kirista lami lafiya, da Hausa a matsayin harshen da Birom da Afizere da Ngas da Bafulatani duk suke ji. Amma rukunin waɗanda suka rasa 'yan'uwa a rikici abu ne daban. Haɗa ɓangarori biyu tun farko yakan mayar da zaman jinya ya zama zaman sulhu ko na tuhuma, kuma kowannensu aiki ne mai zaman kansa. A fara da kowane ɓangare shi kaɗai.

Wurin zama ya kasance inda kowa zai je hankalinsa kwance, ya kuma koma gida kafin magariba. Ɗaki a asibiti, ko aji a makaranta bayan an tashi, ya fi zauren wani mai faɗa a ji. Kada a rubuta komai a ƙofa da ya shafi taɓin hankali. A guji Juma'a da rana da Lahadi da safe. Ga matan aure, ƙarfe 10 zuwa 11 da rabi na safe ya fi dacewa, an kai yara makaranta, ba a ɗora girkin rana ba. Ga 'yan kasuwa, bayan la'asar. A Yuli da Agusta ruwan yamma na Jos yana hana rabin mutane zuwa, don haka a mayar da zaman safiya. In mako takwas ɗin za su ci karo da azumi ko ƙarshen Disamba, gara a jira a wuce. Kujeru iri ɗaya, babu tebur a tsakiya, jagora ma a cikin da'irar yake, ba a kan kujerar alfarma ba. A ajiye ruwan sha da hankicin takarda. Mai goyo ta zo da jaririnta, amma yaron da ya iya magana a bar shi a gida, don zai kai labari.

Amana

Duk abin da aka faɗa a sama, a kan wannan ya tsaya. A zama na farko kowa ya furta da bakinsa cewa abin da ya ji a ɗakin nan a ɗakin zai bar shi, har sunayen waɗanda ya gani. Miji ba ya cikin waɗanda aka yafe wa ji, haka aminiya. Mutum yana da 'yancin ba da labarin kansa a waje, ba shi da 'yancin ba da na wani, ko da ya sakaya suna, domin a Jos "wata mata a Bauchi Rod da mijinta ya ƙara aure bayan Sallah" suna ne cikakke.

Jagora ya faɗi gaskiya biyu tun ranar. Ta farko, shi aikinsa ya ɗaure shi ya riƙe sirri, amma ba zai iya rantsewa a madadin mutum bakwai ba, don haka kowa ya fara da abin da zai iya ɗauka, ya ƙara zurfi yayin da yarda ke ginuwa. Ta biyu, akwai inda shi kansa zai buɗe baki: in ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro.

Wayoyi a kashe, a ajiye cikin kwando ɗaya. Kada a buɗe zauren WhatsApp na 'yan rukuni, saboda waya tana shiga hannun miji da 'ya'ya, kuma hoton allo ba ya mutuwa. Jagora ya tura wa kowa tunatarwa shi kaɗai, da kalmomin da ba su tona komai: "Gobe ƙarfe goma in Allah ya kai mu." A kuma yi shawara a kan abin da za a yi in an haɗu a kasuwar Farin Gada ko a gidan biki. Mafi sauƙi shi ne gaisuwa irin ta kowa, a wuce. Babu rance tsakanin 'yan rukuni, babu adashi, babu neman aure, har sai an kammala. Naira dubu biyar da ba a biya ba ta isa ta sa mutum biyu su daina zuwa.

Yadda minti 90 ke tafiya

A fara a kan lokaci ko da mutum huɗu ne suka iso. In aka jira makararru sau ɗaya, an koya wa kowa makara. Minti 15 na farko zagaye ne: kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, ya ba yanayin ransa maki daga 1 (rai a ɓace) zuwa 10 (rai fes). Ga wanda bai saba da lamba ba, a nuna masa kofi, a ce nauyin da ke ransa ya cika shi, ko rabi, ko ɗan ƙasa. Daga nan aikin jagora shi ne ya ɗaure makin da abin da ya faru. "Hajiya, makon jiya kin ce shida, yau uku. Me ya faru tsakanin Talata da yau?" Ta haka mutum ke gano cewa ransa ba haka kawai yake ɓaci ba, akwai abin da ke taɓa shi, kuma abin ana iya yin wani abu a kansa.

Kusan awa ɗaya ta tsakiya a kan mutum biyu ko uku za ta tafi, ba kowa ne zai samu dogon lokaci kowane mako ba, amma jagora ya riƙe lissafi kada wani ya yi mako uku ba a zo kansa ba. In wani ya gama magana, jagora ya danne sha'awar ba da amsa, ya juya ga sauran: "Malam ya faɗi abu mai nauyi. Akwai wanda ya taɓa tsintar kansa a irin wannan?" Jagoran da ke magana fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ya mayar da zaman lacca. Shiru na rabin minti ba matsala ba ne, sau da yawa bayansa ne magana ta gaskiya ke fitowa.

Minti 15 na ƙarshe, kowa ya ɗauki aiki ɗaya ƙarami da zai yi kafin mako mai zuwa. "Zan rage tunani" ba aiki ba ne. "Ranar Alhamis bayan la'asar zan je gidan ƙanwata in yi awa ɗaya" aiki ne, don ana iya tambaya ko an yi. A rufe da numfashi a hankali na minti biyu, shaƙa cikin daƙiƙa uku, fitarwa cikin daƙiƙa uku. In rukuni na son addu'a, a yi, a rukunin da ya haɗa addinai kowa ya yi tasa a zuci.

Inda abin ke lalacewa

"Ki yi haƙuri, haka Allah ya so." Maganar gaskiya ce, kuma mai faɗinta alheri yake nufi. Amma matar da ta rasa ɗanta ta ji ta sau ɗari a zaman makoki, kuma abin da ta fahimta shi ne ta yi shiru. In aka faɗe ta minti biyu da fara kukanta, an rufe ƙofar da ta yi wata takwas tana neman buɗewa. Jagora ba zai yi musu da maganar ba. Zai ce: "Haka ne, kuma Inna ta daɗe tana haƙurin. Bari mu ji abin da take haƙuri da shi." Mafi muni shi ne a nuna wa mutum cewa ciwonsa raunin imani ne. Wannan a tare shi nan take, a tuna wa kowa cewa mai hawan jini ma yana salla yana shan magani.

Sai mai cinye lokaci. Yawanci fargaba ce ke sa shi zuba, ba rashin kunya ba. A dakatar da shi da mutunci: "Alhaji, tsaya nan, wannan da ka faɗa yanzu ina so mu ji yadda ya taɓa sauran." In ya ci gaba, a gan shi a keɓe. Mai shiru kuwa kada a tilasta masa. A ba shi tambaya mai gajeriyar amsa, a gode masa, a bar shi. Wasu sai mako na huɗu suke buɗe baki, kuma duk tsawon lokacin suna ɗauka.

Kuskuren da ya fi haɗari ya shafi waɗanda suka ga tashin hankali. Masu kyakkyawar niyya kan tara mutane kwana kaɗan bayan hari, su ce kowa ya kwashe abin da ya gani dalla-dalla don ya huce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan irin wannan zama na lokaci ɗaya, don ba ya hana ciwon firgici, yana ma iya ƙara shi. A cikin rukuni, bayanin jini da gawa daga bakin mutum ɗaya yana tayar wa bakwai nasu. Ƙa'idar ita ce a faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya ko biyu, a zauna a kan abin da ya bari: rashin barci, zabura in an buga ƙofa, kasa bi ta wata hanya. In wani ya fara rawar jiki idonsa ya tafi, a kira sunansa, a ce ya taka ƙasa da ƙafa biyu, ya ambaci abu biyar da yake gani a ɗakin. Saboda irin wannan ne ake son jagora biyu, ɗaya ya fita da shi, ɗaya ya riƙe sauran.

Mutane sukan ɓace a mako na biyu da na uku, wasu don kuɗin keke, wasu don an hana su a gida, wasu don sun ji sauƙi kaɗan sun ɗauka an gama. A kira duk wanda bai zo ba cikin kwana biyu. In za a ba da kuɗin mota, ya zama daidai kuɗin motar. Da zarar ya wuce haka labari zai bazu cewa ana rabon tallafi, ɗakin ya cika da waɗanda ba jinya ta kawo su ba. Bayan zama na biyu kada a ƙara sabon mutum. In kuwa sirri ya fita, kada a binne maganar. A kawo ta zama na gaba, wanda aka cutar ya faɗi abin da ya ji, kuma in an tabbatar da wanda ya yi, a sallame shi zuwa ganawar mutum ɗaya.

Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da sha. Magungunan damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, kuma ba a yanke su kwatsam. Ba a musayar ƙwaya a rukuni, ba a tallar maganin gargajiya.

Ga mai neman shiga

A Jos, wurin fara tambaya shi ne sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko likitan da ke duba ka ya rubuta maka takardar turawa. Duk wanda ya gayyace ka rukuni, asibiti ne ko ƙungiya, tambaye shi horon da jagoran ya samu da wanda ke duba aikinsa, mutum nawa ne, zama nawa ne, me za a yi in wani ya rikice, da ko za a ɗauki hoto. In za a ɗauki hoto don rahoto, kada ka zauna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin sirri ga mai neman irin wannan jinya. Ka ba rukunin zama uku kafin ka yanke hukunci, domin na farko kusan kowa a takure yake fita.

Tun zama na shida jagora zai fara tuna wa mutane cewa saura biyu, don rabuwa da waɗanda suka san cikinka tana da zafi, wasu ma alamominsu kan ɗan dawo a wannan lokaci. A zama na takwas a sake cike PHQ-9. Wanda makinsa ya ragu da rabi jinya ta karɓe shi, wanda ya sauko ƙasa da 5 ciwon ya lafa, wanda bai motsa ba a tura shi ga likita a makon, da takarda a hannu. Kowa ya tafi da abu uku a rubuce ko a haddace: alamar da ke fara nuna masa ciwon na dawowa, mutum ɗaya a gida da zai gaya wa, da inda zai je. A sa ranar haɗuwa guda bayan wata ɗaya, a ɗakin nan, a lokacin da aka saba.